Gem ɗin bincike mai zanen anime: a ina ya kamata ka zuba dalarka ta karo-karo?

Duk wanda ya taɓa buga Ace Attorney ko Danganronpa ya san inda daɗin yake: ka duba wurin da aka yi aika-aika, ka tattara shaidu, ka titsiye mutane da tambaya har maƙaryaci ya yi tuntuɓe da harshensa. Ga mu nan Katsina irin wannan gem ɗin yana da wata fa'ida ta daban, domin yawancinsa karatu ne da zane. Tsohuwar laptop ta hannu tana ɗaukarsa, ba ya zuƙe data, kuma ko an ɗauke wuta batir zai kai ka ƙarshen babi. Ace Attorney da Danganronpa manyan kamfanonin Japan ne suka yi su, da salon zanen can da ake kira anime. Ƙananan masu ƙira kuwa, mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, sai sun fito intanet sun nemi karo-karo, su ce a ba su kuɗi yau, gem ya fito baɗi. Ƙannena da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua suna yawan tambayata ta wace ƙofa ya fi a shiga.

Ni dai shafin karo-karo na Kickstarter nake bi, kuma ba zan ɓoye ba. Tun da aka buɗe shi a 2009 dokarsa ɗaya ce: mai aiki ya faɗi adadin da yake nema, ya sa wa'adi (yanzu ba ya wuce kwana 60), in kuɗin bai cika ba kafin wa'adi, ko sisi ba zai karɓa ba. Ranar da ka yi alkawari ba a cire komai daga katinka. Sai an rufe, an kuma kai adadin, sannan a cire, kuma kafin lokacin kana iya rage abin da ka sa ko ka janye gaba ɗaya in ka ga take-taken da ba su kwanta maka ba. Ga mai tara dala da gumin naira, wannan watan na nazari ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin yana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa kati su ɗauki nasu, sauran ya tafi ga mai aiki.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne shafin aiki ba ya gogewa. Ko an yi nasara ko an faɗi, yana nan da alkawuran da aka ɗauka, da ranar da aka ce za a gama, da ƙorafin waɗanda suka biya. In mutum ya dawo neman kuɗi karo na biyu, sai ka danna sunansa ka karanta yadda ya rabu da mutanen farko. A nan ne Cherrymochi, wani ɗan ƙaramin kamfani a Japan, ya nemi kuɗin Tokyo Dark a 2015, labarin wata jami'ar bincike mai neman abokin aikinta da ya ɓace. Sun samu ninkin-ba-ninkin abin da suka nema, gem ɗin ya fito a 2017. Ka lura da tazarar, sama da shekara biyu, kuma wannan yana cikin waɗanda suka cika alkawari. Mai gaggawa ba wurinsa ba ne.

Kada a ce na mai da Kickstarter waliyyi. Su da kansu suna faɗa cewa su ba kanti ba ne, in aiki ya rushe ba su ne za su biya ka ba. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari na ayyukan da suka samu kuɗi ba su kai wa mutane abin da suka yi alkawari ba. Yawan kuɗi ma ba ya hana kunya: Mighty No. 9 ya tara kusan dala miliyan 4 a 2013, da ya fito a 2016 masu biya da yawa sun yi da-na-sani.

Indiegogo, wani shafin karo-karon, ya shafe shekaru yana barin mai aiki ya kwashe abin da aka tara ko da bai kai rabin abin da ya nema ba, wannan tarihin kaɗai ya ishe ni. Patreon biyan wata-wata ne, kuma wanda albashinsa ke shigowa muddin gem bai ƙare ba, me zai sa ya ƙare shi? Shi kuwa itch.io wurin ɗanɗana gwaji ne kyauta, can nake fara zuwa. Jiran gem ya fito a Steam, kantin sayar da gem na intanet, shi ne mafi aminci, tunda suna mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka buga ya kai awa 2 ba, amma wannan saye ne, ba karo-karo ba, kuma da kowa zai jira da ba a yi gem ɗin ba.

To ka zaɓi Kickstarter, saura matakin da za ka biya. Ka tsaya a mafi sauƙi, wanda zai ba ka gem ɗin ka sauke a kwamfuta, shi ke nan. Za su jera maka kwali mai littafin zane, da fosta, da riga, da ɗan mutum-mutumi. Kau da kai. Na taɓa biyan irin wannan matakin ga wasu masu gem ɗin bincike, saboda littafin zanen. Bayan an rufe sai ga saƙo wai kuɗin aikowa Najeriya daban ne, kuma ya kusa kamo kuɗin kayan. Na biya. Sanarwarsu ta koma daga kowane wata zuwa jefi-jefi, daga baya suka ce kuɗin ya tafi wajen buga littattafai, sannan shiru. Babu kwali, babu gem. Tun daga nan, in na ga mutum uku sun yi alkawarin kaya kala bakwai, na san lokacin rubuta labari zai ƙare a wurin masu ɗab'i da gidan waya. Haka nake kallon ƙarin alkawuran nan na “in mun kai kaza za mu sa muryoyi, in mun kai kaza za mu fitar a waya”. Mu da yawancinmu Android ke hannunmu wannan na jan mu, amma in ba a rubuta na'urarka cikin ainihin aikin ba, ka ɗauka babu ita.

Ba a cinikin biri a sama. Duk aikin da ba shi da gwajin da za ka sauke ka buga da hannunka, kada ka ba shi ko kwabo. A wannan fannin yaudara ta fi sauƙi, domin zane goma masu kyau da kiɗa mai taushi sun isa a haɗa tallan da zai sa ka ɗauka an yi rabin aiki. Gem ɗin bincike kuwa ransa rubutu ne. Minti ashirin na gwaji zai nuna maka ko marubucin ya iya ɓoye shaida ya bar ka ka gano da kanka, ko kuwa ka yi ta danna maɓalli ne ana karanta maka. Zai kuma nuna maka ko akwai tsiraici ko zubar da jinin da ba ka so a gani a laptop ɗin da ƙannenka ke ara.

Satar zane tsohuwar sana'a ce. Tun 2012 aka bankaɗo wani aiki a Kickstarter mai suna Mythic: The Story of Gods and Men, wanda hotunansa na wasu ne aka kwaso. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke zana fuskar anime cikin daƙiƙa, abin ya ƙara araha. Kickstarter ya wajabta tun 2023 a bayyana in an yi amfani da su, amma ɓarawo ba ya cika fom da gaskiya. Ɗauki hoto biyu ka neme su a Google. Duba ko jarumar kamanninta ɗaya ne daga hoto zuwa hoto, ko ɗankunnenta da maɓallan rigarta suna canzawa. Nemi sunan mai zanen, ka ga ko yana da tsohon shafi mai ayyukan shekarun baya. Hukuma takan shiga wani lokaci, kamar yadda FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, ta yi a 2015 da wani da ya tara sama da dala 120,000 don wasan allo ya kashe a kan buƙatunsa. Amma daga Ƙofar Ƙaura wa za ka kai ƙara a Amurka kan dala 20?

Na kusa da gida sun fi ba ni tsoro. Kickstarter ba ya karɓar buɗe aiki daga Najeriya kai tsaye, biya kawai muke iya yi. Don haka in wani ya turo maka a WhatsApp cewa shi wakilinsu ne, ka tura naira a asusunsa, ko wai za a raba riba in gem ya fito, damfara ce. Babu riba a wannan tsarin, ba hannun jari ba ne, kuma wanda ya ga yadda MMM ta ƙare a 2016 bai kamata a sake yi masa wannan waƙar ba. Tun da bankuna da yawa suka toshe sayayyar waje da katin naira a 2022 aka samu masu cewa “kawo in biya maka da katina”. Ko mai gaskiya ne, alkawarin yana asusunsa, lambar gem ɗin ma shi za a aika wa. Buɗe asusunka da kanka, ka tambayi bankinka ko katinka na aiki a waje da iyakar da suka sa masa, ko ka yi amfani da katin asusun dala.

Ranar rufewa ita ce ranar farautar 'yan damfara. Katunanmu sukan ƙi biya, su kuma sun san haka, sai su aiko imel mai tambarin kamfanin wai biyanka ya faɗi, danna nan ka sake sa lambar kati. Kada ka danna. Shiga shafin da kanka, in da gaske ne za ka ga sanarwar a asusunka, kuma kana da kwana 7 ka gyara kafin a cire sunanka.