Anki: manhajar da ke hana kalmomin Turanci zubewa

Duk mai koyon Turanci ya san wannan ciwon: ka haddace kalma yau, bayan mako guda ka neme ta a bakinka ka rasa. Abin da Anki ta zo magancewa ke nan, kuma a wannan fanni da wuya a sami manhajar da ta kamo ƙafarta. Damien Elmes ne ya fito da ita a 2006, sunan kuwa Japananci ne, ma'anarsa hadda.

Kati take nuna maka mai fuska biyu. Ka karanta tambaya, ka amsa, ka buɗe bayan katin, sannan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu: Again idan ka manta, Hard idan ka tuna da ƙyar, Good idan ka tuna, Easy idan ko tunani ba ka yi ba. Sabon kati yakan dawo bayan minti 1, sai minti 10, sai washegari. Daga nan tazarar ta riƙa faɗaɗa har ta kai watanni.

Sai dai abin da ka zuba mata shi za ta tsare maka, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara. Wanda ya rubuta "afraid" a gaba, "tsoro" a baya, ranar da aka ce masa "I'm afraid he's not in" zai ɗauka mai maganar a tsorace yake, alhali ladabi ne kawai na sanar da abin da ba a so ji ba. Saboda haka jimla cikakkiya ake sawa, wadda ka ji da kunnenka a hira ko a rediyo. Akwai nau'in katin da ake kira Cloze, mai ɓoye gurbi ɗaya: ka rubuta "We're running out of time", ka ɓoye "out of", manhajar ta tambaye ka abin da ya ɓace. Ƙananan kalmomin nan su ne ke tona asirin mai koyo, kuma wannan katin ya fi kowanne kama su. In da hali, haɗa da sautin jimlar, ka maimaita da ƙarfi kafin ka danna komai.

Kuskure na biyu shi ne haɗama. Anki tana zuwa a saite kan sababbin katuna 20 a rana, wanda bayan 'yan makonni kan tara bitar da ta kai kusan 200 kullum. Ka yi fashin kwana uku, ka tarar da tudu, gwiwa ta yi sanyi. Rage su zuwa 5 ko 10. Minti 15 a rana ya wadatar. Kada kuma ka danna Hard a kan abin da ka manta sarai, domin manhajar za ta ɗauka ka sani, ta ƙara nisanta shi. Katin da ya kayar da kai sau 8 takan yi masa alamar matsattsaku, mai shan lokaci ba amfani. Irin wannan sake rubuta shi ake yi da jimla mafi sauƙi.

Inda ta gaza a fili yake. Fuskarta ba ta da armashi, saitunanta na rikita sabon shiga, kuma ba ta gyara maka furuci, balle ta mayar maka da magana. Tarin katunan da wasu suka haɗa suka ɗora kyauta ma sai an tantance, don wasu na ɗauke da kurakurai.

Kyauta ce a kwamfuta, haka ma AnkiDroid a wayar Android, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Ta iPhone, wato AnkiMobile, saye ake yi. A lura da sunayen nan wajen saukewa, domin akwai wasu manhajoji masu kama da sunan waɗanda ba su da alaƙa da ita.