Dakon kaya a jirgin ƙasa ta ramin Gotthard: me yake bayarwa?

Mai tura kwantena daga Jamus zuwa arewacin Italiya ta ƙasar Siwizalan, hanyar jirgin ƙasa biyu ce a gabansa, duk ta ramukan da aka haƙa a ƙarƙashin duwatsun Alps: Gotthard ko Lötschberg. Ni dai Gotthard nake ba maki.

Tsohon layin Gotthard na 1882 hawan dutse yake har mita 1,151 sama da teku, da gangara mai kai mita 26 a kowace kilomita. Jirgi mai nauyi sai an ƙara masa kai na biyu, wani lokaci na uku yana turo shi ta baya. Sabon ramin da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57, bai wuce mita 549 sama da teku ba, kusan shimfiɗe yake. Daga 2020 kuma, da aka gama ramin Ceneri da ke kudu a kan wannan layin aka ɗaga rufin ƙananan ramuka, tirela mai tsayin mita 4 tana hawa tarago ta wuce lafiya lau. An tsara layin ya ɗauki jiragen kaya har 260 a rana.

Lötschberg fa? Kilomita kusan 21 na raminsa layi ɗaya ne tal, dole wani ya jira wani.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar matsala. A 10 ga Agusta 2023 ƙafar tarago ɗaya ta fashe cikin sabon ramin Gotthard, jirgi ya sauka daga layi, ba a koma aiki gaba ɗaya ba sai Satumban 2024. Tsohon layin dutsen kuwa ba ya ɗaukar tirela mai mita 4, don haka kafin ka sa hannu a kwangila, tambayi kamfanin ko yana da gurbi a Lötschberg.