Babur mai ƙafa huɗu ɗan Chaina: injinsa yana gyaruwa a gida, ƙafafunsa ne ke ba da wahala

Babur mai ƙafa huɗu bai zama ruwan dare a Gombe ba, don haka duk wanda ya saye shi ya kamata ya san tun farko cewa ranar da ya lalace, zai sha yawo kafin ya sami bakaniken da ya saba da shi. Wanda nake zirga-zirga da shi zuwa gonar shinkafa a yankin Dadin Kowa ƙirar ƙasar Chaina ne, mai injin cc 150 irin wanda ake kira GY6, kuma ba a canza masa giya, daga ta gaba sai ta baya sai firi. Ana sayar da irinsa da sunaye daban-daban, amma idan aka cire robobin jikinsa, kayan cikin kusan ɗaya ne. Ban auna shi da gudu ko kyan fenti ba. Abin da na fi dubawa shi ne, idan ya ƙi tashi da asuba ana shirin tafiya gona, ko mai shi zai iya gano cutar ya magance ta a tsakar gida.

Kamfanonin Japan ne suka yi fice a wannan sana'a. Honda ta fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin irin waɗannan masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa da mutane. Babu mai musun cewa na Honda da Yamaha sun fi na Chaina ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Abin da ya ceci ɗan Chaina shi ne injinsa, domin GY6 injin ƙananan baburan nan ne marasa giya, mai silinda ɗaya, wanda fanka ke sanyaya shi, babu lagireto balle a yi fargabar yoyon ruwa. Wanda ya taɓa kwance janareta ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba.

Mafi yawan ƙin tashin da na gani a wannan babur daga mai yake, musamman idan an ajiye shi tsakanin girbi da noman rani da fetur a cikinsa. Fetur da ya daɗe yakan bar danƙo a kafireta, kuma wanda aka saya a galan a bakin hanya ba a rasa shi da ruwa ko ƙasa. Alamar a bayyane take: injin zai tashi ya mutu, ko ya ƙi tsayawa sulo sai an danne totur. A ƙasan kafiretar akwai ɗan kwano da ƙananan sukurori ke riƙe da shi. Idan aka kwance shi za a ga jet guda biyu na tagulla, wato ƴan ƙarafa masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami, kuma ƙaramin ne yake toshewa, domin raminsa ƙanƙane ne ƙwarai. A cire shi a ɗaga wa rana. Idan haske bai ratsa ba, an gano cutar. A wanke shi da fetur mai tsabta a hura, kada a cusa masa allura, saboda tana faɗaɗa ramin, daga nan kuma babur ya koma shan mai fiye da kima. A nan na yaba wa ƙirar, don kafiretar tana fita da sukudireba da ƙaramar sifana ba tare da an sauke inji ba. Abin da ban yaba ba shi ne robar da ta haɗa kafireta da inji, wadda zafin Gombe ke busar da ita har ta tsage ta riƙa shan iska. Tsagewar ba ta fitowa fili sai an lanƙwasa robar da yatsa, kuma mutum zai iya wanke kafireta har ya gaji bai san daga nan matsalar take ba.

Ɓangaren wuta shi ne inda babur ɗin yake da rauni, shi ne kuma inda ake yi wa masu shi asarar kuɗi a banza. Kafin a zargi komai, a tuna cewa sitatarsa ba ta juyawa sai an matse birki, kuma akwai makunnin kashewa a hannun hagu wanda gwiwar hannu ko yaro kan iya taɓawa. Ɗan makunnin da ke jikin birkin, wanda ke barin sitata ta juya, ba shi da ƙwari, ƙura da ruwa suna kashe shi da wuri. Idan an danna aka ji ƙas kawai inji bai juya ba, a auna batir da mita: lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, idan kuma inji yana aiki ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba to ba ya caji. Idan inji yana juyawa amma bai kama ba, a cire fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina shi da ƙarfen inji a danna sitata a ga ko zai ba da tartsatsi shuɗi. Fulogin ba ya wahalar samu, domin lambarsa C7HSA ce, irin ta baburan roba-roba, kuma tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Inda nake jan hankali sosai shi ne akwatin CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi. Iri biyu ne, akwai mai karɓar wuta daga kwayil ɗin inji, akwai mai karɓa daga batir, kuma a ido suna iya yin kama har soket ɗinsu. Mai shago da bai sani ba zai miƙo wanda ya samu, a saka ya ƙi aiki ko ya ƙone, sannan a koma zargin kwayil. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, kuma a tabbatar da irinsa kafin a biya. Wayoyin babur ɗin sirara ne, mahaɗansu kuma ba sa jure jijjigar hanyar gona, saboda haka sau da yawa abin da ake zaton CDI ne ya mutu, wayar ƙasa ce kawai, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, ta saki ko ta yi tsatsa.

Bawul ɗin GY6 sukan matse da tafiyar lokaci, sai inji ya riƙa wahalar tashi da sanyin safiya duk da akwai mai akwai wuta. Saita su aiki ne da mai haƙuri zai iya, da inji a sanyaye, a daidaita alamar T da ke jikin maganeto, a bar tazarar da ba ta wuce milimita 0.1 ba. Sai dai ana bukatar siraran ƙarafan awon tazara, kuma wanda bai taɓa yi ba gara ya zauna kusa da bakanike ya gani da idonsa tukuna. Baƙin mai bai kai lita 1 ba, kuma injin ba shi da matatar takarda sai ƴar raga da ake wankewa, shi ya sa jinkirta juye yake cinye shi. Da hunturu, soson tace iska yana bukatar wanki akai-akai. Bel ɗin da inji ke jan babur da shi yana ɗauke da lambarsa a jiki, misali 842-20-30, kuma da ita ake sayen sabo, ba da kimantawar ido ba.

Akwai wani abu game da taya da ya kamata kowane mai irin wannan babur ya sani. Iskar da take ɗauka kaɗan ce ƙwarai, wajen psi 4 zuwa 7 a ma'aunin iska, alhali tayar mota tana haura 30. Na tsaya a gaban wani mai faci yana bugun tayar da sifana yana cewa, “Alhaji, ai wannan ba iska a cikinta,” yana shirin cika ta kamar ta mota. Ba laifinsa ba ne, ma'auninsa ma ba ya karanta iska ƙasa-ƙasa haka. Tayar da aka cika fiye da kima tana sa babur tsalle, tana rage masa kamun ƙasa a laka, tana kuma iya lalacewa gaba ɗaya. Ƙaramin ma'aunin iska na musamman ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a akwatin mai wannan babur.

Daga inji zuwa ƙasa ne yabona ya ƙare. Ƙafafun baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, sarƙa ke juya ta, kuma boris ɗin da ke riƙe da sandar ba sa daɗewa idan ana shiga ruwa da baƙar lakar fadama. Notuna suna kwancewa da kansu, gaɓoɓin sitiyari suna yin lakwaf da wuri, sarƙa tana saki. Boris da sarƙa ana samun madadinsu a kasuwa idan an je da lamba ko samfuri, amma sandar baya, da gaɓoɓin ƙafafun gaba, da kayan giyar baya, da ita kanta tayar, ban same su a shagunan kayan babur na cikin gari ba, sai dai a yi saƙo Kano ko Legas a zauna jira, wani lokaci kuma abin ya iso bai yi daidai ba. Wanda ya sayar mini bai ajiye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, takardar bayanin da ya haɗo da ita kuma ba ta da zanen wayarin da ya dace da babur ɗin. A ganina wannan gazawa ce babba ga mai sayar da abin hawa da ya san aikin gona za a sa shi.

Masu gyara a gida su kiyaye abu biyu: kada a kwance kafireta kusa da murhu, kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen zaure, domin hayaƙinsa yana kisa. Wajen hawa, mutum ɗaya aka ƙera shi ya ɗauka, yana kifewa a kwana idan an shiga da gudu, hular kwano wajibi ce, kuma ba abin bai wa yara ba ne.

Ina ba da shawararsa ga manomin da gonarsa ba ta da nisa, kayansa ba su wuce buhun taki ko injin feshi ba, kuma yana da niyyar riƙe sifana da kansa. Wanda zai ja kaya masu nauyi kullum, ko wanda kowace ƙaramar matsala sai ya nemi bakanike, zai fi samun biyan bukata da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda masu gyaransa da kayansa suke ko'ina. Wanda ya yanke shawarar saye kuwa, ya sa a haɗo masa da bel, da CDI irin nasa, da robar kafireta, da boris ɗin baya tun a cinikin farko, kuma ya bi notunan ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure kafin ya fara hawa.