Figma ko Excalidraw: da wanne za a fara zanen manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce za ka haɗa manhajar adashe ta waya, ba ka rubuta ko layi ɗaya ba tukuna, kana tambaya da me za ka zana shafukanta na farko, Figma ko Excalidraw. Na yi aiki da duka biyun.

Figma babbar manhajar zane ce, tamkar ma'aikata. Dylan Field da Evan Wallace suka kafa kamfanin a 2012, aka buɗe wa jama'a a 2016, har kamfanin manhajoji na Adobe ya taya shi dala biliyan 20 a 2022, cinikin ya watse a Disamban 2023. A cikinta za ka zana maɓalli sau ɗaya ka yi amfani da shi a shafi hamsin, in ka gyara na asalin duk sauran su gyaru. Za ka kuma iya haɗa shafuka a riƙa dannawa kamar manhajar gaske. Amma tana son intanet mai ƙarfi, kuma koyonta sai an zauna.

Matsalarta a farkon aiki kyawunta ne. Na taɓa kai wa wata uwar adashe zane irin wannan, gwanin sha'awa. Muka shafe lokaci tana cewa koren ya yi duhu, tambarin ya yi ƙanƙanta. Sai da muka tashi na lura babu wurin rubuta wadda ta tsallake zubi, alhali nan ne rigimar adashe take. Idan zane ya yi kama da gamamme, mutum yakan ji nauyin cewa a rushe shi, sai ya koma gyaran fenti. Masana sun daɗe da gane haka. Tun 1995 James Landay da Brad Myers na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka ƙirƙiro manhajar SILK, wadda ake zana shafuka a cikinta da alƙalamin kwamfuta kuma ta bar zanen a karkacensa da gangan.

Excalidraw kan wannan turbar take. Christopher Chedeau ya fara ta a 2020, kyauta ce, ba rajista, ka buɗe shafinta kawai ka kama zane. Layukanta kamar an ja su da biro a bayan ambulan, don haka ba wanda zai ji kunyar cewa "cire wannan". In ta riga ta buɗe, ko sabis ya ɗauke aiki bai tsaya ba. Sai dai a yi hattara: a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, take ajiye zanen, in ka share bayanan burauzar ya tafi, don haka ka riƙa sauke fayil ɗin. Kuma ba za ta ba mai rubuta manhaja ma'auni da launuka dalla-dalla kamar Figma ba.

Akwai Balsamiq ma, ta 2008, mai shiryayyun maɓallai masu kamar zanen hannu, amma biyan kuɗi ake yi da dala.

Ni a matsayinka da Excalidraw zan fara, shafi uku kacal: jerin masu zubi, ranar kwasa, da shafin wadda ake bi bashi. Ka kai wa uwar adashen a waya, ka ce ta nuna maka da yatsa inda za ta danna in wata ta kawo rabin zubi. Ranar da ta daina tsayawa tana dube-dube, sai ka buɗe Figma.