Kwalin gwajin enzayim ɗin LAP: abin da na gani bayan wata huɗu ina aiki da shi a Samaru

A ƙarshen hunturun da ya wuce na sayi kwalin gwajin enzayim ɗin lusil aminofeftides, wanda muke taƙaitawa da LAP, ta hannun wani dillalin kayan ɗakin gwaji da ke Sabon Gari, kuma tun daga lokacin ni da ɗalibai biyu muke aiki da shi a nan Samaru ta Zariya. Enzayim wani furotin ne da ke hanzarta aikin sinadarai a jikin halitta. Kwalin na ɗauke da kwalbar ruwan da ke daidaita tsami, da garin da enzayim ɗin zai yi aiki a kansa, da ruwa mai launin ɗorawa na auna mizani, sai takardar bayani mai shafi huɗu. An ce zai isa gwaji 100, kuma ya isa, in aka cire abin da muka yi asara saboda kuskurenmu.

Wanda zai kashe kuɗinsa a kan wannan kwali ya kamata ya fara sanin abin da yake nema. Furotin tamkar carbi yake, kowace ƙwaya amino asid ce, kuma aikin LAP shi ne ya kama carbin ta kansa na farko ya riƙa cire ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Ya fi saurin cire amino asid ɗin da ake kira lusin, daga nan ya samo sunansa, amma yana cire wasu irinsu metiyonin da fenilalanin ma. Masanin nan ɗan Denmak, Linderstrøm-Lang, ya lura da aikinsa a cikin hanjin alade tun 1929, sai dai ba a ga siffarsa dalla-dalla ba sai 1990, lokacin da ɗakin binciken William Lipscomb a Jami'ar Harvard ta Amurka ya fitar da ita daga enzayim ɗin da aka tace daga idon saniya. Sassa shida ne iri ɗaya suka haɗu suka yi dunƙule guda, kowane sashe yana riƙe da ƙwayar tutiya biyu, wato 12 ke nan gaba ɗaya, kuma da wannan tutiyar ce yake yanka. Wannan batu na tutiya ba ƙaramin abu ba ne ga mai gwaji, domin duk abin da ya ƙwace ta daga enzayim ɗin ya kashe shi.

Dabarar da kwalin ya ginu a kanta mai sauƙi ce, kuma a nan ne ya fi burge ni. An ɗaura lusin a jikin wani sinadari da ake kira nitro'anilin, wanda ba ya nuna launi sosai matuƙar yana ɗaure. Da zarar enzayim ya yanke lusin ɗin, sai ruwan ya fara komawa ruwan ɗorawa, ana auna ƙarfin launin da haske mai tsawon zango nanomita 405. Tsohuwar na'urar auna launi da muke da ita ta wadatar, ba mu buƙaci wata mai tsada ba. Layin mizani, wanda ake kwatanta launin samfuri da shi, ya fito a miƙe duk lokacin da muka zana shi, kuma samfuri guda da muka maimaita sau uku ya ba da lambobi makusantan juna, abin da ba kullum nake samu ba idan ni na haɗa sinadaran da hannuna.

Aikin da ya sa na saya shi ne na ganyen tumatir. An daɗe da sanin cewa tumatir yana da wani nau'in wannan enzayim, LAP-A, wanda yake ƙaruwa a ganye idan tsutsa ta ci shi ko aka ji masa rauni, bisa umarnin sinadarin jasmonet da shuka ke fitarwa domin kare kanta. Duk wanda ya ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kaduna da Kano a 2016 zai fahimci dalilin da ya sa wannan tambaya ta dame ni. Mun samo ganye daga wani lambu a bakin kogin Galma, muka raba wanda tsutsa ta taɓa da wanda yake lafiya, kuma tun kafin mu kai na'ura ido yana ganin ramukan farantin gwaji da ke ɗauke da ganye mai rauni sun riga sauran yin launi. Sai dai ruwan daidaita tsamin da ya zo a kwalin bai dace da wannan aiki sosai ba, domin LAP na cikin tantanin halitta ya fi son ruwa mai ɗan kanwa-kanwa, wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin tsami na pH, kuma manganis ko magniziyam na ƙara masa kuzari. Da muka haɗa namu ruwan muka sa ɗan manganis, bambancin ya ƙara fitowa fili.

Babban aibin kwalin yana cikin takardarsa. Ta rubuta sunan enzayim ɗaya a gaba, alhali abin da kwalin yake aunawa shi ne duk wani enzayim da zai iya yanke lusin daga wannan gari, kuma suna da yawa. A ruwan jinin mutum, mafi yawan wannan aiki yana fitowa ne daga wani ɗan'uwansa da ke manne a fatar tantanin hanta da ƙoda da hanji, wanda ake kira aminofeftides N, sannan a jinin mai juna biyu akwai wanda mabiyiya ke fitarwa, mai rusa sinadarin oksitosin da ke tayar da naƙuda. Ɗalibin da bai san haka ba zai rubuta a kundinsa cewa ya auna LAP, alhali taron dangi ya auna. Haka kuma gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci, wato na kwalbar da bai kamata a ɗebi jini a ciki ba, an binne shi cikin ƙananan haruffa a shafin ƙarshe. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ta kawo jinin awaki a kwalba mai murfi shuɗi-ja, wadda ke ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ta zo tana cewa, "Malam, ko kwalin nan ya lalace ne? Ko alamar launi babu." Kwalin lafiyarsa ƙalau, EDTA ne ya kama tutiyar. Ramuka 16 muka rasa a ranar, kuma da an rubuta gargaɗin da manyan haruffa a shafin farko da ba mu rasa su ba.

Game da dillalin, ya cika alkawarin lokaci, amma kayan sun iso daga Legas cikin akwatin da ƙanƙararsa ta riga ta narke, kuma bai iya gaya mini tsawon sa'o'in da suka yi a haka ba. Garin ya ɗan fara yin launi a kwalba, don haka dole kowane gwaji ya tafi da ramin da ba a sa samfuri ba, a cire nasa launin daga lissafi. A cikin zafin Maris da Afrilu na Zariya, da yawan ɗauke wuta, na raba garin ƙananan kwalabe na naɗe su da takardar alminiyam saboda haske, na ajiye a firiji mai aiki da hasken rana.

Ba zan ba ƙaramin ɗakin gwajin asibiti shawarar saye ba. Gaskiya ne aikin waɗannan enzayim yana hauhawa a jini idan hanyar maɗaciya ta toshe har shawara ta bayyana, kuma ba ya tashi a ciwon ƙashi, amma gwajin GGT, wani enzayim na hanta, yana amsa wannan tambaya cikin sauƙi kuma likitoci sun fi sabawa da shi. Masu bincike su ne za su ci moriyarsa, musamman masu aiki a kan zazzaɓin cizon sauro, tun da ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, tana amfani da nata LAP wajen ƙarasa narkar da himoglobin, furotin da ke ba jini launinsa, a cikin jajayen ƙwayoyin jini, da kuma likitocin dabbobi masu bibiyar tsutsar hanta, wadda aka gwada LAP ɗinta a matsayin rigakafi ga tumaki. Ni zan sake saye, amma a watan Disamba lokacin sanyi, kuma zan haɗa odar da bestatin, sinadarin da ke toshe bakin waɗannan enzayim, domin kowane faranti ya samu ramin da zai tabbatar mana cewa launin da muke gani aikin aminofeftides ne.