Akurkin da mai walda ya yi min a Gadarif: sama lafiya, ƙasa ce ta cuce ni

Tun da 'yan'uwanmu suka gudo daga Madani saboda yaƙin da ya ɓarke a nan Sudan a watan Disamban 2023 gidanmu ya cika, baki ya yi yawa, ƙwai kuwa kun san yadda ya koma a kasuwa. Shi ne na ce bari in koma kiwon kaji irin yadda Inna take yi a Mai Wurno, sai dai ni ba zan sake su a tsakar gida ba, don yara sun yi yawa, ga shirwa kullum tana shawagi a kanmu. Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wani mai walda. Ba zan kama sunansa ba, 'yan unguwarmu sun san shi.

Kafin azumin 2024 muka yi ciniki. Ɗakin kwana mita 2 da 1 da rabi, filin shan iska mita 4 da 3, duk da ƙarfe, don itace a gidan nan gara ba ta barinsa ya shekara. Na tura masa rabin kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, cikin kwana 6 ya kawo kayan a amalanken jaki ya haɗa.

Zancen rufi kam ba ni da abin cewa sai godiya. Ni kwano kawai na ce ya sa, shi ya ce, "Hajiya, zafin Afrilu na garin nan sai ya gasa miki su. Kaza ba ta gumi, da haki take sanyaya jikinta." Ya ɗaga rufin sama, ya bar tagar raga gabas da yamma, sannan ya kira wani mai jinka ya shimfiɗa ciyawa a kan kwanon, irin ta bukkokinmu na Gadarif. A watan Mayu da tsakar rana nakan zura hannu ciki in ji iska na ratsawa. Ko kaza ɗaya zafi bai kashe min ba, alhali na maƙwabciyata da ke ƙarƙashin tsurar kwano sai da ta rasa huɗu. A lokacin duk wadda ta tambaye ni sai in ce je ki wurinsa.

Damina ce ta tona asirin aikin. Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san ƙasarmu: baƙar laka ce, da rani ta tsage har ka zura hannunka, ruwa na sauka ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka dasa a kanta. Mutumin nan a garin nan yake sana'a, ya fi ni sanin haka. Amma ramukan ginshiƙan da ya haƙa ko kamu biyu ba su kai ba, ya ɗan zuba siminti ya rufe. Na tambaye shi ranar, "Usta, wannan zai riƙe?" Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya." Ragar kuma a bakin ƙasa ya tsayar da ita, bai binne ko kaɗan ba.

Ruwa biyu masu ƙarfi aka yi a watan Yuli, ginshiƙin kusurwar kudu ya taso, firam ɗin ya karkace, ƙofar ɗakin kwana ta daina shiga sakata. Na kira shi sau uku. Gobe, jibi, babu wuta, yaronsa ba lafiya. Na riƙa tokare ƙofar da bulo.

Daren wata Alhamis, wajen ƙarfe 3, na ji kuka. Kafin mu fita da tocila an gama. Ƙarƙashin kusurwar nan wani gibi ya buɗe da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ta nan tunku ya shiga. Kaji 7 cikin 12 a kwance, duk a wuya ya cije su, ɗaya kawai ya ja ya tafi da ita. A cikinsu har da wata jar kaza mai tukku da Inna ta aiko min, tana kwance a kan ƙwai 11, kwana 17, saura kwana 4 ta ƙyanƙyashe. Na taɓa ƙwan da asuba sun yi sanyi ƙalau. Na sa su ƙarƙashin wata, ba ta karɓa ba. 'Yar ƙanwata da ta saba ba ta hatsi a hannu, ranar ko shayi ba ta sha ba. Yarinyar da ta baro gidansu da komai nata a Madani, kazar nan ce ta fara sa ta dariya a gidana.

Da maigidan ya je ya same shi, gaskiya bai yi gardama ba. Ya zo washegari da yaransa biyu, ya tsaya ya dubi wurin ya ce, "Hajiya, laifina ne, ki yafe min." Suka tone ginshiƙan, suka zurfafa ramukan har kusan mita, suka zuba yashi da tsakuwa kafin siminti, suka binne raga santimita 30 zagaye da akurkin, suka jera jan bulo a kai. Bai karɓi kuɗin aiki ba, kayan kawai muka saya. Daminar da ta biyo baya ko motsi bai yi ba. Wannan ya sa zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na soma cewa mutumin kirki ne, gaggawa ce ta ja masa.

Sai dai ranar gyaran ne na gano wani abin. Ragar da muka yi ciniki mai kauri ce, mai ƙananan ido rabin inci. Ita ya sa a gaba inda ido ke gani. Bayan akurkin, wajen katanga, siririyar nan ce mai ido shida-shida, wadda kaza kawai take tsarewa, ɓera na shiga ta cikinta yadda ya so. Wata uku ina mamakin yadda dusa da dawa ke ƙarewa da dare. Da na nuna masa sai ya ce mai kaurin ce ta yanke a kasuwa saboda yaƙi. To me ya hana ya faɗa min a lokacin? Kuɗin mai kauri na biya, kuma bai rage min ko fam ɗaya ba.

Mai son ya yi masa rufi da walda, hannunsa na da kyau. Amma ki tsaya a kansa ranar haƙa rami, ki sayo ragarki da kanki, ki zagaya baya ki duba kafin ki tura cikon kuɗi. Ya yi min alkawarin canja ta bayan idan kaya sun zo. Har yau siririyar ce a wurin, kullum da magariba sai na kwashe kwanukan abincin na shigar da su ɗaki.