Awon ciki a Ingila da ƙaramar na'urar hoton ciki: saƙo zuwa Jos

Assalamu alaikum Yaya, tare da gaisuwa ga dukkan mutanen gida. Kin tambaye ni ko gaskiya ne a nan Birmingham duk ranar awo sai an yi wa mai juna biyu hoton ciki. Ba haka abin yake ba, domin a asibitocin gwamnati na Ingila sau biyu ake yi wa mai lafiyayyen ciki sikanin: na farko wajen mako na 12 don a san watannin cikin, na biyu wajen mako na 20 don a duba halittar yaron. Daga mako na 24 kuwa, ungozoma tana auna tsawon cikin ne da tef irin na tela, ta rubuta a jadawali, kuma sai awon ya kauce daga layinsa, ko akwai wani dalili kamar hawan jini ko ciwon sukari a jikin uwar, sannan a tura ta hoton duba girma.

Ta fuskar sauri Jos ta fi su, tunda mace za ta shiga ɗakin sikanin a Taminus ko titin Bauchi ta biya kuɗinta a yi mata a ranar, alhali a nan sai an ba ta rana. Inda suka fi mu shi ne ajiye bayani. Girman yaro ba a gane shi da hoto guda. Ana auna zagayen kan yaron, zagayen cikinsa da tsawon ƙashin cinyarsa, a duba yawan ruwan mahaifa da gudun jini a cibiya, sannan a sake bayan aƙalla mako biyu a kwatanta. Yana damuna ƙwarai cewa mata da yawa a gida suna dawowa da takarda ba abin da suka riƙe sai namiji ne ko mace, takardar kuma ta ɓace kafin awo na gaba.

Abin da na fi so ya iso mana shi ne ƙananan na'urorin da ake riƙewa a hannu, irin su Butterfly iQ da Philips Lumify, waɗanda ake jona su da wayar salula hoton ya fito a fuskarta. Suna shiga jakar ungozoma, ba su jiran wutar Nepa ko janareta muddin akwai caji, kuma ana iya tura hoton ga likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) daga ƙauyen Wase ko Kanam. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto ɗaya kafin mako na 24, kuma da irin wannan na'ura ce asibitin sha-ka-tafi zai iya cika wannan, ya gano tagwaye, ko yaron da ya zo a gicciye, ko mabiyiya da ta tare hanya, tun da sauran lokacin neman mota.

Sai dai ina roƙonki kada ki bari kowa ya sayi wannan na'ura don amfanin gida. Kuskuren ɗora ma'auni kaɗan yana sauya nauyin da za a ƙiyasta, shi ya sa a nan ba a miƙa ta sai ga wanda aka horar. Ki gaya wa amaryarmu ta riƙa zuwa awo da duk takardunta na baya, kuma idan motsin yaron ya ragu ta tafi asibiti a ranar.